Ɗaga Gaba Ko Ƙara Sifirin: Takaddamar Tsayuwar Akori-kura A Garejin Sakkwato

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar shiga Kasuwar Kara a Sakkwato da hantsi zai ga akori-kura iri biyu. Akwai wadda ta sauke kaya tana komawa wayam, bayanta a ɗage, gabanta a sunkuye. Akwai kuma wadda ke shigowa da buhunan albasa ko gero, bayanta ya zauna har bodi na neman shafar taya, hancinta na kallon sama, direba na leƙen hanya ta saman sitiyari. Sau da yawa mota ɗaya ce ke yin tsayuwar nan biyu a yini guda, bambancin kawai lodi.

Wannan tsayuwa ita ke kai mutane iri biyu wurin kanikawan J. Allen da Buzaye da sauran garejin da ke warwatse a cikin birni. Na farko shi ne mai Hilux mai kujerun baya, ɗan kasuwa ko ɗan kwangila ko ma'aikaci, wanda ba ya son ganin motarsa a sunkuye. So yake a ɗaga masa gaba ya yi daidai da baya, a sa manyan tayoyi, mota ta yi kwarjini. Na biyu direban haya ne da ke zirga-zirga tsakanin birni da kasuwannin Achida, Illela, Gada ko Tangaza. Shi damuwarsa baya ne, yana so a ƙara masa fallayen sifirin don mota ta daina zama idan an yi lodi. Dukansu biyu cewa suke a daidaita musu mota, amma aikin da kowanne ke nema daban ne, kuma kowanne na da kuɗin da ake biya daga baya, bayan na bakanike.

Daga 404 zuwa Hilux

Akori-kura ta daɗe tana ɗawainiya da ƙasar Sakkwato. Tsofaffin direbobi sun fara da Peugeot 404, sannan 504 ta biyo baya, musamman bayan da kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975. An ci gaba da haɗa 504 a Najeriya har zuwa 2006, kuma har yau ana ganin ragowarta a hanyoyin ƙauye, an yi mata walda sau ba adadi, tana nan tana ja. Toyota Hilux kuwa, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta shigo ta mamaye fagen a hankali, ta zama motar ma'aikatun gwamnati da jami'an tsaro da ƙungiyoyin agaji da 'yan siyasa. Idan ta tsufa a hannunsu sai ta gangaro hannun 'yan kasuwa da direbobin haya, ta haɗu da 'yan Kwatano da ake shigowa da su.

Sunan da ta yi wajen juriya ba a banza ya zo ba. Yaƙin da Chadi ta gwabza da Libiya a 1987 har ana kiransa yaƙin Toyota, saboda rawar da Hilux da Land Cruiser suka taka a cikin rairayi. Sai dai wannan suna ya jawo mata wahala a wurinmu, domin mutane da dama sun ɗauka babu nauyin da ya fi ƙarfinta.

Abin da ya haɗa 504 da Hilux shi ne tsarin ƙafar baya: aksil guda miƙaƙƙe, a ɗaure da fallayen ƙarfe da aka jera wani kan wani. A gaba ne suka bambanta da juna, har Hilux ɗin ma ta bambanta da 'yar uwarta. Da yawa daga cikin na kafin 2005 sandar ƙarfe mai murɗawa ce ke riƙe da nauyin gaba. Daga samfurin da ya fito a tsakanin 2004 da 2005, da wanda ya gaje shi a 2015, sai aka koma sifirin mai naɗi wanda shokazoba ke ratsa tsakiyarsa. Wanda bai san wace iri ce tasa ba, bai ma san aikin da zai ce a yi masa ba.

Me ya sa baya ya fi gaba tsawo?

Sunkuyawar da masu Hilux ke ƙorafi a kai da gangan aka yi ta. Masu ƙera akori-kura suna barin bayanta ya ɗara gaba da kimanin inci biyu, wani lokaci fiye, domin sun san kaya za a ɗora. Idan aka loda abin da aka ƙayyade mata, fallayen baya su miƙe, baya ya sauko, mota ta kwanta daidai. Wato an auna ta ne ta daidaita lokacin da take ɗauke da kaya, lokacin da ta fi bukatar sitiyari mai riƙo da birki mai kamawa.

Saboda haka wanda ya ɗaga gaba har mota ta daidaita tana wayam ya cinye wannan rarar tun kafin a ɗora komai. Ranar da ya ɗauko buhun taki goma zuwa gonarsa ta fadama a Wurno ko Goronyo, baya zai sauka ƙasa da gaba, ta koma irin tsayuwar motar da aka yi wa mugun lodi, alhali rabin kayanta kawai ta ɗauka.

Masu ɗaga gaba

Hanyoyi uku aka fi bi. A tsohuwar mota mai sandar murɗa, bakanike kan shiga ƙarƙashi ya ɗaure notin da ke ƙarshen sandar, gaba ya tashi nan take, ba a sayi komai ba. A mai sifirin naɗi kuwa ana sa wani zobe mai kauri, na ƙarfe ko alminiyam, a saman shokazoba. Hanya ta uku, wadda ta fi tsada kuma ta fi aminci, ita ce a canza sifirin da shokazoba gaba ɗaya da waɗanda aka ƙera don wannan tsawon.

Akwai amfani, babu musu. Wanda ke bin hanyar burji da damina, ko yake ratsa yashi a ƙauyukan da ke kan iyaka da Nijar, zai ji daɗin ƙarin tazara tsakanin ƙirjin mota da ƙasa. Wanda ya liƙa wa gaban motarsa ƙaton ƙarfen kariya, nauyinsa ya danne gaba, shi ma yana da hujjar mayar da ita inda take. Amma a lura, ɗaga bodi ba ya ɗaga tulun aksil na baya. Shi wannan tsawon taya ne kaɗai ke ɗaga shi, kuma shi ne ya fi kusa da ƙasa.

Illar kuma tana zuwa ne a hankali. Ƙafar gaba tana da iyakar hawa da sauka. Idan aka tura ta ƙasa da inci biyu don bodi ya tashi, an rage mata wurin sauka ke nan. Taya na faɗawa rami, sai hannun sama na ƙafar ya kai maƙura ya buga, direba ya ji ƙara kamar an doki ƙarfe da guduma. Boljoyin da tayarod suna aiki a karkace, su riƙa ci da wuri. A mota mai ja da tayoyi huɗu, shaf ɗin gaba ya koma yana juyawa a lanƙwashe, robar da ke rufe da gaɓarsa ta tsage, giris ya fita, ƙurar Sakkwato ta shiga. Wanda ya san yadda hunturu ke turbuɗe komai a garin nan ya san gaɓar da yashi ya shiga ba ta daɗewa.

Sai alaimen. Duk lokacin da tsawon gaba ya canza, tsayuwar tayoyi ta canza. Idan ba a sake saiti ba, taya za ta cinye gefe guda cikin 'yan watanni, mota ta riƙa yawo a kan kwalta, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana.

Fitila ma abin dubawa ce, kuma ita aka fi mantawa. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ta zamani ta ɗan haura mita 3. Idan gaba ya tashi da santimita 5 baya na nan inda yake, hasken fitila zai tashi da kusan rabin mita a nisan mita 30. Wannan ya isa ya fitar da haske daga kan hanya ya zuba shi cikin idon ɗan kabu-kabu ko mai keke-napep da ke tahowa. A hanyar da masu tafiya da masu tahowa ke fuskantar juna irin ta Illela, da dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu ƙara falle

Aikin direbobin haya ya fi yawa a gareji, kuma ya fi nauyi. Ana jingine mota a kan jak, a kwance yubol huɗu da ke ɗaure da aksil, a sauko da damin sifirin ƙasa. Yaron gareji ya riƙe, maigidansa ya kwance santabol ɗin da ya ratsa tsakiya, fallaye su warwatse, tsatsa da jar ƙasa na zuba daga tsakaninsu. Sai a ɗauko falle ɗaya ko biyu, wani lokaci na wata babbar mota da aka yanke aka huda, a cusa a tsakani, a matse, a mayar. Mota ta sauko daga jak bayanta a sama, direba ya yi murmushi ya biya.

Idan falle ɗaya ne, na kirki, mai faɗi da kauri irin na motar, aka sa a ɓangarorin biyu daidai, aikin na da ma'ana ga motar da kullum cikin lodi take. Matsala tana farawa ne daga abin da direba ya ɗauka ya saya. Ya saya wa motarsa tsayuwa, amma shi gani yake ya saya mata ƙarfin ɗaukar kaya. Aksil na nan yadda yake, boris na nan, birki bai ƙaru ba, shasi bai ƙara kauri ba, tayoyi su ne na jiya. Abin da ya ɓace kawai shi ne alamar da mota ke nunawa idan kaya sun yi mata yawa. A da tana zama, yaran mota su ce ya isa. Yanzu ba ta zama, sai a ƙara buhu.

Sifirin da ya yi tauri fiye da kima ba ya shanye duka, miƙa shi yake ga shasi. Shi ya sa ake ganin akori-kura da ta tsage ko ta lanƙwashe daidai tsakanin ɗakin direba da bodi, ko kuma maƙalan sifirin ɗin sun ɓalle daga jikin shasi. Idan kuma tana wayam a kan gargada, baya ya riƙa tsalle, tayoyi na barin ƙasa, birki da kwana su zama abin tsoro.

Akwai dabarun da ya kamata a guje musu baki ɗaya. Na farko gasa falle da wuta don a ƙara masa lanƙwasa. Ƙarfen sifirin horarre ne, wuta na kashe horon, ya yi laushi ko ya yi gautsi. Na biyu yi wa karyayyen falle walda, domin gefen waldar zai sake karyewa, kuma ba ya zaɓar wuri. Na uku cusa guntun katako ko yankin tsohuwar taya tsakanin aksil da shasi, abin da ke hana sifirin aiki sam. Na huɗu jera ƙarafa biyu ko uku tsakanin aksil da sifirin don ƙarin tsawo, wanda ke sa aksil ya riƙa murɗawa duk lokacin da aka taka mai ko birki. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Bawul ɗin da ke auna nauyi

A Hilux da yawa marasa birkin zamani mai na'ura, akwai wani ɗan bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya gane ko mota na ɗauke da kaya. Idan baya ya zauna, ƙarfen ya tura shi, ya buɗe wa birkin baya ƙarin ƙarfi. Idan baya na sama, ya rage, don kada tayoyin baya su ƙulle mota ta juya.

To idan aka ƙara falle ko aka ɗaga baya ba a sake saita wannan ƙarfe ba, bawul zai ci gaba da ɗauka mota wayam take, ko da tan guda ne a kanta. Sai nauyin tsayar da ita ya koma kan birkin gaba kusan shi kaɗai. Direba ya taka, mota ta ci gaba da tafiya, ya ɗora laifin a kan takalmin birki. Wasu ma cire ƙarfen suke yi su ɗaure da waya. Duk mai irin wannan mota ya kamata ya tambayi bakanikensa kai tsaye: Malam, an taɓa bawul ɗin baya kuwa?

Lissafin da ba a yi a tasha

Nauyin da aka ƙayyade wa irin waɗannan motoci bai wuce tan ɗaya ko kusa da haka ba, kuma a cikinsa har da direba da fasinja da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa mota. Buhun siminti daga Kalambaina kilo 50 ne, haka buhun taki. Ashirin sun cika tan. Jarkar ruwa mai lita 25 guda 40 ma tan ne, tankin ruwa mai lita 1,000 shi kaɗai tan ne. A mota mai kujerun baya, manya biyar masu kilo 70 kowanne sun riga sun ɗauke kilo 350 kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Wanda ya ga yadda ake lodin ranar kasuwa, buhuna har sun wuce rufi, mutane a kansu, awaki a gefe, ya san an daɗe da wuce wannan lissafi.

Inda aka ajiye kayan ma yana da tasiri kamar yawansu. Mai jaki ya san mangala a tsakiyar baya ake ɗora ta, ba a kan gindi ba. Kilo 500 da aka jibga a kan buɗaɗɗen ƙyauren baya, mita ɗaya bayan aksil, yana cire wa tayoyin gaba kimanin kilo 160, ya ɗora wa na baya kimanin 660. Sitiyari ya yi sakayau, mota ta ƙi bin kwana. Da an tura kayan nan gaba, jikin ɗakin direba, rabin zaman da ake kuka da shi da bai faru ba, kuma ba a kashe ko kwabo ba.

Taya ita ce ta ƙarshe a layin. A jikin kowace akwai lambar nauyi: 100 na nufin kilo 800, 110 na nufin kilo 1,060, da sharaɗin iska ta cika yadda aka rubuta. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kwalta na tiriri, tsohuwar taya 'yar gwanjo mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi mai yawa ita ce ke fashewa. Motar da aka ɗaga kuma aka tula wa kaya sama ta fi saurin kifewa idan haka ta faru, domin nauyinta ya yi nisa da ƙasa.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗauki lamarin

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lodi fiye da kima cikin laifuffukan hanya, jami'an duba lafiyar motoci na jiha kuma su ke da alhakin tabbatar da mota ta cancanci hawa titi. A Ostireliya, inda akori-kura ke cikin motocin da aka fi saye, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ɗaga sifirin har milimita 50 ba tare da takardar injiniya ba, abin da ya wuce wani mizani kuma sai an gwada an sa hannu. A Amurka wasu matasa sun mayar da ɗaga gaba da zaunar da baya abin gayu, har jihar Karolina ta Arewa ta haramta shi daga Disamban 2021, ta hana hawa titi da motar da gabanta ya ɗara baya da inci 4 ko fiye. Jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022. Dalilinsu shi ne direba ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, fitila na kallon sama, birki da sitiyari sun raunana. Tsayuwar da doka ta hana a can ita ce lodi ke jawo wa motocinmu kowace ranar kasuwa.

Kafin a kwance noti

Mataki na farko awo ne. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar tayoyi, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi da ke samanta, a rubuta. A sake aunawa da irin kayan da aka saba ɗauka. Idan hagu da dama sun bambanta sosai, ko baya ya yi ƙasa tun mota na wayam, to gyara take bukata. A duba karyayyen falle, cinyayyen bushin, santabol da ya gutsure, shokazoba mai yoyo. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyi, tsalle yake kashewa, don haka sabo ba zai ɗaga motar da sifirinta ya gaji ba. Sau da yawa sabon damin sifirin irin na asali, hagu da dama tare, shi ne ƙarshen magana.

Wanda duk da haka ya ga yana bukatar ɗaga gaba, kada ya wuce inci ɗaya zuwa biyu, kuma ya bar baya ya ɗara ko da kaɗan. Wanda zai ƙara falle ya tsaya a ɗaya, a sa sababbin yubol da santabol, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. A ɗaure notocin bushin bayan mota ta sauka a kan tayoyinta, a sake matse yubol bayan 'yan kwanaki ana aiki. Daga gareji a wuce wurin alaimen, a saita fitila da daddare a jikin bango, a duba bawul ɗin birki, a tabbatar tiyon birki bai ɗame ba idan ƙafa ta sauka ƙasa gaba ɗaya.

Hukuncin a taƙaice shi ne: motar da ke ɗaukar kaya a bar mata sunkuyawarta, domin ita ce ajiyarta. Motar da ke zama a ƙarƙashin kaya a fara da rage kayan da gyara jerinsu, sannan a duba sifirin. Wanda kuma kasuwancinsa ya kai tan biyu a kowane sawu, babbar mota irin Kanta ce motarsa, ko ya yi sawu biyu. Muna kira ga shugabannin kanikawa da na direbobi a tashoshin Sakkwato su mayar da duba birki da fitila da alaimen sharaɗi ga duk motar da aka taɓa wa sifirin kafin ta koma layi. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya.